Na'urar Da Ta Ƙi Lallen Gwaggo Marka

Sallama gare ku masu bibiyata. Kafin in ce komai, ke da kika rubuto min wai "Kamila kin cika mita, ki gode wa Allah kin samu mai son ki," na gani, na kuma gode. Ki gyara zama ki karanta na yau, in kin gama sai ki sake ba ni shawarar. Da gefen ɗan yatsa nake danna muku wannan rubutun, don kan yatsuna har yanzu zafi suke yi, in kun ga kuskure ku yi min uzuri.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Kamila, 'yar Malam Dalhatu mai sayar da taki da irin shuka a bakin kasuwar Gwarzo. Bara na rubuta jarrabawar shiga jami'a, makin bai kai ba. Akwai kuma Uwaisu, ɗan Gammo ta ƙasar Kabo, mai haɗa wa mutane sola. Ba ƙin sa nake yi ba, kar a yi min sharri. Yana da kirki, ya iya wanka, ba ya ƙarya sai irin wadda duk samari ke yi. Abin da na roƙa kawai a bar ni in sa ƙafa a jami'a kafin in sa ta a gidansa, don na ga 'yan ajinmu da aka yi wa alkawarin "za ta ci gaba a ɗakinta." Ci gaban yana nan goye a bayansu.

Baba mutum ne mai magana ɗaya. Ya ce min, "Na ba ki bana. In kin samu, mutanen Gammo su jira sai kin shiga. In ba ki samu ba, za a sa rana, da an kawo amfanin gona gida a ɗaura." Ban yi musu ba, don na san wannan ma alfarma ce.

Jarrabawar kuwa a kwamfuta ake yin ta, ni kuma bara da na zauna gabanta sai da na ɓata rabin lokacina wajen neman inda zan danna. Saboda haka bana na naɗe hannun riga. Kullum da hantsi ina gidan su Mirabel ƙawata. Babanta, Malam Zechariah, mutumin kudancin Kaduna ne, ya daɗe yana koyarwa a Gwarzo har wasu iyayen ma ɗalibansa ne. Yana da wata tsohuwar laftof da batirinta ya mutu, ana ɗauke wuta take ɗaukewa ita ma, a kanta muke gwada tsofaffin tambayoyi ni da Mirabel, muna faɗa kan wa ya fi daɗewa a kai.

Shi ne ya zaunar da ni ranar da muka dawo daga rajista.

"Kamila, ke nake ji, don Mirabel ba ta sa lalle. Kin ga yadda suka ɗauki zanen yatsunki goma yau? Ranar jarrabawa a bakin ƙofa za ki sake ɗora yatsa a kan gilashin nan. In na'urar ba ta gane ki ba, ko ni ne mai tsaron ƙofar ba zan iya shigar da ke ba. Ki bar yatsunki yadda Allah ya yi su har ki fito."

Na dawo gida na faɗa a tsakar gida, kowa na ji. Na sake faɗa washegari. Har Baba, ranar da zai tafi Mainika sharar gona da kai taki, yana kan babur ya waiwayo ya ce, "Kun ji dai abin da malaminta ya ce. Kar wanda ya taɓa mata yatsa."

Ƙurar babur ɗinsa ba ta gama kwanciya ba saƙo ya iso daga Gammo: ranar Asabar matan gidan su Uwaisu za su kawo kayan gaisuwa, su kuma ga yarinya. Jarrabawata ranar Talata ce. Na ce wa Inna ko za a roƙe su su ɗaga zuwa wani satin. Ta ce ba a ce wa baƙon arziki ya koma ya dawo. Na kira Uwaisu, ya ce shi ma a bakin ƙanwarsa ya ji, harkar mata ce, in ya sa baki za a ce tun yanzu an shanye shi.

Ranar Juma'a da safe sai ga Gwaggo Marka, yayar Baba, ta sauka daga kan ɗan acaɓa da ƙwarya a rungume. In kun san Mainika kun san Gwaggo Marka. Ita take shuka lallenta a bayan ɗaki, ita take dakawa, ita take tankaɗewa da tsohon ɗankwali, ta kwaɓa da lemon tsami da wani abu da har yau ba ta gaya wa kowa ba. Amaryar da ba ta bi ta hannunta ba, a wajen Gwaggo ba a yi bikinta ba tukuna.

Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Miƙo hannun in gani."

"Gwaggo, ƙafa kawai za a yi."

"Ƙafa? Su matan Gammo da ƙafarki za su gaisa?"

Na yi mata bayanin gilashi da na'ura da zanen yatsa, a hankali, kamar yadda Malam Zechariah ya yi min. Tana saurare tana taɓe baki.

"Dangwale ne dai ko? Yo ni zaɓe nawa na yi da lalle a hannuna? Tawada za a shafa miki ki danna. Ko wancan karon da suka zo da nasu injin, da ya yi gardama fuskata suka ɗauka na wuce. Ke ma su ɗauki fuskarki mana, ko ba ki da ita?"

"Gwaggo, wannan ba zaɓe ba ne."

"To shi karatun naki ya fi zaɓe ne? Ɗiyar Dalhatu guda, a zo ganin ta hannu fari fat kamar mai takaba? Ki bari a ce Marka ta mutu tukuna."

Na juya wajen Inna ina neman agaji. Tana zaune a bakin madafi tana tsince shinkafar gobe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kamila, tun da aka ce mutanen nan za su zo kike kawo dalili bayan dalili." Wallahi maganar ta sosa min rai, amma na haɗiye, don ina da Gwaggo a gabana.

Da ƙyar da roƙo muka tsaya a tsakiya: za a yi ƙafa, a yi zane a bayan hannu, kan yatsu kuma a bar min su. Don kar a ce an manta, na ɗauko baƙin salatif ɗin masu wuta da Uwaisu ya bari ranar da ya haɗa mana sola, na nannaɗe kan kowane yatsa da kaina. Gwaggo ta kalle ni ta ce na koma kamar mai kuturta, na ce na ji.

Kun san zafin bazara a Gwarzo. Aka shimfiɗa min tabarma a rumfa, aka ɗaure ƙafafuna a leda, Gwaggo ta fara zanen bayan hannu. Na sa abin sauraro a kunne, wani malami yana ta bayanin sinadarai da muryarsa mai sanyi kamar mai rarrashin jariri. Na ji an kira salla, na ji Gwaggo ta tashi neman buta. Daga nan ban sake sanin inda nake ba.

Da na farka rana ta karkata. Hannayena biyu suna cikin leda har wuyan hannu, an ɗaure da tsumma. Na ji wani danshi mai sanyi a kan yatsuna. Da haƙori na yage ledar. Jama'a, goma cif. Ba wanda aka bari. Ja har ya fara komawa baƙi, fata da farce duka. Ga salatif ɗina can a gefen tabarma, an dunƙule shi kamar kashin akuya.

"Gwaggo!"

Ta leƙo daga ɗaki tana ɗaura ɗankwali. "Kai, masha Allah! Kin ga kamu?"

"Me na ce miki? Me Baba ya ce?"

"Ke, kar ki ɗaga min murya. Ni na idar da salla na dawo na tarar da yatsu a buɗe. Na ce to, yarinya ta yi hankali, ta cire abinta. Sai in bar su?"

A raina na ce tsohuwar nan ko kunyar Juma'a ba ta ji ba. Na ruga bakin rijiya na wanke, na sake wankewa. Na ɗauko wayata don in kira Mirabel, na ɗora yatsa a bayanta yadda na saba. Ta yi ɗan kaɗawa ta ƙi buɗewa. Na sake, ta ƙi. Wayar da nake kwana da ita nake tashi da ita, wadda ta san sirrina fiye da kowa a gidan nan, ta ce ba ta san ni ba. Sai da lambobi na buɗe ta. A nan ne na zauna a kan turmi na yi kuka.

Asabar ta zo kamar ba abin da ya faru. Aka sa ni cikin leshi ruwan zuma, ɗinkin riga da siket, da mayafi mai duwatsu da ke ta kama min gashi. Inna ta sa min sarƙarta ta aure, ta turara ni har sai da na yi tari. Matan Gammo suka cika ɗakin Inna, gaba-gaba Hajiya Sadiya, ƙanwar baban Uwaisu, mace mai haƙorin Makka da muryar da ba ta buƙatar lasifika. Bayan gaisuwa mai tsawo, an tambayi gida, an tambayi zafi, an tambayi Malam da gona, sai ta kamo hannuna ta jujjuya shi kamar mai tayin atamfa.

"Tubarkalla! Wannan hannun Marka ne, ko ba a faɗa ba. Ku zo ku ga yatsu!"

Suka zo suka gani. Wata ta ɗauki hoto, wata bidiyo. Gwaggo tana gefe tana kumbura kamar an ba ta kujerar Makka. Inna kuwa fuskarta ta saki, rabon da in ga ta yi irin wannan fara'ar na manta. Ni ina sunkuye, suna cewa kunya ce, ba su san lissafin yadda zan kankare abin da suke yabo nake yi ba.

Ba su kai titi ba saƙon Uwaisu ya shigo: "Tauraruwata, an turo min hoton hannunki. Na kasa cin abinci."

Na rubuta masa: "Ni kuma na kasa buɗe wayata."

Na yi masa bayani. Ya turo salati, ya turo fuskar nan mai hawaye, sannan ya ce, "Kar ki damu, bari in bincika." Daga wannan kalmar ban sake samun sukuni ba. Bidiyo ne ke shigowa kamar ruwan sama. Wata Ba'indiya tana cire lalle da man goge baki. Wata Balarabiya da man zaitun da gishiri. Wani mutum da ban san yarensa ba yana dirza da lemon tsami da toka. A ƙasan kowanne sai Uwaisu ya rubuta, "Wannan tabbas ne." Datar da na tanada don gwajin tambayoyi, a kan hannayen matan ƙasashen waje ta ƙare.

Kuma duk na gwada, don wanda ya rasa mafita ba ya zaɓe. Man goge baki, sai ƙamshin na'ana'a. Gishiri, sai raɗaɗi. Omo da ruwan zafi, kanwa, toka, har kananzir. Lallen Gwaggo ko gezau. Ita kuwa tana zaune tana cin goro tana cewa, "Ku dai yi ta yi. Nawa ba irin na kanti ba ne."

Abin da ya ba ni mamaki Inna ce. Da ta ga wayar ta ƙi ni a gabanta, ta karɓa ta jujjuya, ta ce in sake, na sake. Daga nan ta ajiye aikinta, ta zauna tana dirza min da kanta. Ita ta yanko lemon, ita ta ɗumama ruwan. Ranar Litinin ta ɗauko dutsen goge kaushi ta fara bi min kan yatsu da shi. Muna cikin haka Mirabel ta yi sallama.

"Kamila! Kin haukace ne? Inna, don Allah ki bari! Lallen kuke gogewa ko zanen yatsan? In kuka cinye layukan, ko lallen ya fita me injin zai karanta?"

Na duba. Fatar ta yi sumul tana sheƙi, wani wajen ta saluɓe, jan kuma yana nan daram a ƙarƙashi. Mirabel ta ce in shafa man kaɗanya in bar su su huta, sauran sai addu'a. Ta ce ita ma za ta sa ni a tata.

Talata da sassafe Uwaisu ya zo da motar abokinsa ya ɗauke mu ni da Mirabel. Cibiyar jarrabawar tana kan hanyar Kano, ba zan faɗi sunanta ba don ba su yi min laifin komai ba. Na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan toka, na dunƙule hannayena a ciki kamar wadda ta saci nama. Layi ya yi tsawo, kowa da takardarsa a hannu, ana ta motsa baki da addu'a. Mirabel tana gabana. Ta ɗora yatsa, na'urar ta kawo koriyar wuta, ta waiwayo ta ɗaga min gira ta shige.

Matar da ke kan na'urar mai tabarau ce, da alama ta gaji tun kafin rana ta fito.

"Babban yatsa."

Na ɗora. Ja.

"Shafa shi a goshinki ki sake."

Na shafa, na sake. Ja.

"Na hagu. Manuni. Na tsakiya. Kar ki danna da ƙarfi. To danna da ƙarfi."

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙaramin. Ta goge gilashin da auduga, ta goge min yatsun da wani ruwa mai sanyi da ya sa na kusa ihu. Bayana an fara tsaki. Ta kamo hannuna ta duba, ta sauke tabarau.

"Lalle. Kuma kin bi shi da dutse. Ba a gaya muku ba ne?"

"An gaya min."

"To?"

Me zan ce mata? In ce ina barci? Ta karɓi lambata ta rubuta, ta ce, "In an sa wata rana don masu irin matsalarku za ki ga saƙo a waya. Ban ce za a sa ba. Matsa gefe, 'yata."

Gefen kuwa gindin wata darbejiya ce, kuma ba ni kaɗai ba ce. Na tarar da wasu 'yan mata a zaune, kowacce ta ɓoye hannu a hijabi. Ba wadda ta tambayi wata me ya faru. Wata amarya daga Kabo tana ta kuka tana cewa uwar mijinta ce ta ce ba za a kai ta da farin hannu ba. Ta taga ina hango kwamfutoci a jere, da ƙeyar Mirabel, da kujera ɗaya a kusa da ita ba kowa a kai. Duk hantsin da na ƙona a gaban laftof ɗin Malam Zechariah, duk tambayoyin da na haddace har ina mafarkinsu, suna nan cikin kaina cunkus, ba wanda zai tambaye ni ko ɗaya.

Uwaisu ya tsallako titi da yogot mai sanyi. Ya tsuguna nesa kaɗan, fuskarsa abin tausayi.

"Ki yi haƙuri, Kamila. Komai rabo ne. Ai ko a gidana ma za ki iya..."

Na ɗago na kalle shi. Ya haɗiye sauran, ya miƙo yogot ɗin. Har muka dawo Gwarzo Mirabel na riƙe da hannuna.

Ina shiga gida na cire hijabi na jefar. Ban saba ɗaga wa babba murya ba, amma ranar na yi. Na ce wa Gwaggo ta ji daɗi, matan Gammo sun yaba, ta cinye min shekara guda don a ce Marka ta iya lalle. Na ce ta cire min salatif ina barci sannan ta dubi idona ta yi min ƙarya.

Gwaggo ta miƙe tsaye. "Ni? Ni Marka zan yi miki ƙarya? Na rantse da wanda raina ke hannunsa, a buɗe na same su! Ku ba ni ƙwaryata, Mainika ba ta yi min nisa ba."

"Yaya, zauna."

Inna ce. Tana tsaye a ƙofar madafi da ludayi a hannu.

"Ni na cire."

Na zaci ban ji daidai ba.

"Ni na cire miki, Kamila. Da Yaya ta shiga salla." Ta ajiye ludayin a kan murfin tukunya. "Na zaci dabara ce. Na ga kin ce a ɗaga zuwansu, kin ce ba kya son lalle, na ce yarinyar nan so take mutanen Gammo su zo su ga ba a ɗauke su da daraja ba, su janye da kansu. Ban taɓa jin inda lalle ya hana mutum karatu ba. Na ce wane irin inji ne zai ƙi abin da uwata da kakata suka sa? Sai da na ga wayarki ta ƙi ki."

Ban san me ya fi ciwo ba, rasa jarrabawar ko jin cewa Innata ta ɗauke ni maƙaryaciya. Na tuna yadda ta ajiye aikinta tana dirza min yatsu da kanta. Haushin yana nan, bai tafi ko'ina ba, sai dai ya rasa inda zai sauka. Na zauna a ƙasa. Gwaggo ma ta zauna, karo na farko a rayuwata na ga bakinta a rufe.

Ana haka muka ji babur ɗin Baba a zaure. Ya shigo da ƙurar gona a ƙafa, ya amsa sannu da zuwa, ya zauna a kan kujerarsa ya cire hula.

"Yaya jarrabawar?"

"Ban shiga ba, Baba."

Hannuna kawai ya kalla. Na so in ɓoye, ya ce in kawo. Ya daɗe yana duban jan da saluɓar.

"Wa ya yi wannan bayan na hana?"

Ku da kuka san Baba a rubutuna na baya kun san ba ya duka, ba ya zagi, amma in ya yi fushi da mutum sai ya yi wata bai ci abincinsa ba. Na kalli Inna. In na faɗi gaskiya, wataƙila ya tausaya min, ita kuma ta shiga uku. In na ce ni na so, magana ta ƙare, na faɗi kamar yadda aka yi sharaɗi. Na buɗe baki na ce, "Baba, ni ce na..."

"Ni ce, Malam." Inna ta matso har gabansa ta durƙusa. "Ta naɗe yatsunta, ni na kwance tana barci. Ba ta faɗi jarrabawa ba, ni na hana ta shiga. In hukunci ne a yi a kaina, amma kar a sa mata rana a kan laifina."

Baba ya ce mutanen Gammo sun tare shi a hanya, kawunnan Uwaisu suna son zuwa jibi a tsayar da rana, tunda sun ji jarrabawa ta wuce. Ya tambaye ni ko akwai wata dama. Na gaya masa abin da matar ta ce, da cewa ba ta yi alkawari ba. Ya jinjina kai, sannan ya juya wajen yayarsa.

"Yaya, shi wannan lallen naki yaushe yake fita?"

Kun san Gwaggo. Ko a gaban alƙali aka taɓo sana'arta sai ta gyara zama.

"Nawa? Na fata dai ya yi 'yan makonni. Amma na farce? Hm! Ba sabulu, ba dutse. Sai dai farcen ya tsiro a yanke, ya tsiro a yanke, har jan ya ƙare. Wata da watanni ke nan, Dalhatu. Nawa ba irin na kanti ba ne."

Baba ya mayar da hularsa. "To madalla. A gaya wa mutanen Gammo, sun ga lalle sun yaba, sai su bari mu ma mu gama kallon sa. Ba na sa rana sai jan nan ya bar farcenta."

Ya tashi ya ɗauki buta. Abincin Inna dai bai ci ba a ranar, bai ci ba washegari, amma jiya na ga kwanonsa ya dawo ba komai a ciki.

Yanzu ga inda nake. Saƙon cibiya bai zo ba. Duk ƙarar da wayata ta yi sai gabana ya faɗi, in buɗe in tarar kamfanin waya ne yana tallan waƙa. Na koma gidan su Mirabel da hantsi, ita ta gama tata amma tana zama tana riƙe min lokaci. Kullum da safe sai na duba gindin farcena, inda wani siririn fari ya fara leƙowa, in ji kamar in tura shi ya koma. Ni da na kusa cire fatata don lallen nan ya fita, yau ni ce ba na wanke-wanke sai da leda a hannu. Rezar da ke kan taga da abin yanke farcen Baba kuwa sun ɓace. Ban tambaya ba, amma na ga wani ƙulli a bakin zanen Inna.

Shi kuma Uwaisu, bawan Allah, tun ranar Talata bai sake turo bidiyo ko ɗaya ba. Har na fara cewa ya fahimce ni, na fara jin kunyar kallon da na yi masa a gindin darbejiya. Sai yau Juma'a da safe saƙonsa ya shigo, hoto mai furanni da masallaci, an rubuta barka da Juma'a. A ƙasa ya ƙara da hannunsa:

"Tauraruwata, tunatarwa ce kawai. Yanke farce ranar Juma'a yana da lada sosai."

To ke mai cewa na cika mita, ga wayar nan, zo ki ba shi amsa.